Zafin Inji a Hanyar Maraɗi

Tsakanin Damagaram da Maraɗi akwai tafiyar kusan kilomita 240 a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa kudancin Nijar har yankin Difa. Wanda ya bi ta da asuba a cikin hunturu ba zai ce tana da wata wahala ba, amma a watan Afrilu, lokacin da zafin gari kan haura digiri 40 a inuwa, ita ce ke tona asirin duk motar da ke ɗauke da ɓoyayyar cuta a lagiretonta. Mun yi niyyar sammako, sai dai haɗa kayan suna da sallamar masu ba da saƙo suka riƙe Gwaggo har hantsi ya ɗaga sosai, ga shi kuwa saboda ita ake tafiyar, domin ɗiyarta ce ta haihu a Maraɗi. Ƙanena ne ke tuƙi, shi da ya yi shekaru yana jan motar haya, ni ina gefensa, Gwaggo tana baya da ƙullin kayan jariri, but kuma cike da gero da sauran kayan gara. Motar tsohuwa ce ƙirar Japan mai shan fetur, irin waɗanda suka gama aikinsu a Turai kafin su iso hannunmu.

Har muka wuce Tirmini, muka bar mararrabar Takeita inda hanyar Matamai da Kano ta rabu da tamu, muka kuma wuce Maijirgi, allurar agogon zafi tana zaune a tsakiya inda ta saba zama. Bayan mun fita Tasawa, rana ta take, sai ƙanena ya ce, "Yaya, dubi allurar nan, ta fara tafiya." Na duba na ga ta bar tsakiya ta nufi jan layi. Nan take ya sauko da gudu daga kilomita 100 zuwa 60, ya kashe na'urar sanyi, ya sauke gilasai, sannan ya kunna hita ya ƙure ta. Gwaggo ta yi salati ta ce, "Kai ɗan nan, wuta za ka hura mana a cikin wannan rana?" Ya ba ta haƙuri, ya bayyana mata cewa a ƙarƙashin allon gaban direba akwai wani ɗan ƙaramin lagireto da ruwan inji ke bi ta cikinsa, kuma idan aka sakar masa iska yakan janye wani kaso na zafin injin ya zubo shi cikin mota. Ba a jima ba allurar ta fara komawa. Da ya sake taka mota sai ta sake tashi, da ya sassauta sai ta sauka, kuma wannan hawa da saukar, wanda muka lura da shi cikin fargaba, shi ne ya zame mana babbar shaida a gareji daga baya.

Kafin mu kai Gazawa muka sauka gefen hanya a gindin wani gawo. A wannan lokaci na shekara gawo ne kusan kaɗai itacen gona da ke da cikakkiyar inuwa, tunda shi da rani yake ganye, sai damina ta faɗi yake kaɗewa. Da yake allurar ba ta taɓa jan layi ba, babu kuma tururi, ƙanena ya bar injin yana aiki a tsaye na ɗan lokaci domin ruwa ya ci gaba da zagayawa, sannan ya kashe shi ya ɗaga bonet. Da a ce ta shiga ja, ko mun ji ƙarar tafasa, da kashewa nan take ita ce daidai. Ya kuma hana kowa kusantar murfin lagireto, kuma a kan wannan ina so in ɗan dakata, domin na ga tabon da wannan murfi ya bar wa yaran mota a hannu da fuska, tabon da ba ya gogewa.

Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa ne a digiri 100, alhali injin mota yana aikinsa na yau da kullum ne tsakanin digiri 85 zuwa ɗan sama da 100. Abin da ke hana ruwan tafasa shi ne matsin da murfin ke riƙewa. Idan mutum ya duba bayan murfin zai ga an buga lamba, yawanci 0.9 ko 1.1, wato yawan matsin da sifirin ɗinsa ke iya dannewa, kuma a ƙarƙashin irin wannan matsi ruwa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Saboda haka ruwan da ke kwance lafiya a cikin inji mai zafi yana iya kasancewa ya riga ya wuce digiri 100, kuma da zarar an murɗe murfin, matsin ya tafi, sai ya tafasa gaba ɗaya a lokaci guda ya yi tsartuwa sama. Tsumma ba ya kare hannu daga wannan. Jira ne kawai, har sai mutum ya iya riƙe tiyon sama da hannu ya matsa shi ya ji ya yi laushi.

Muna cikin jiran mutanen wani ƙauye da ke kusa suka zo yi mana sannu, kuma kowa da shawararsa, dukansu kuwa da kyakkyawar niyya. Wani saurayi ya sauke bidon ruwan rijiya daga amalankensa ya ce a kwara wa injin ya huce. Ƙanena ya yi masa godiya ya ƙi, domin kan injin na alminiyam ne, kuma ƙarfe mai zafi idan ruwan sanyi ya faɗa masa ba-zata yakan tsuke ta gefe ɗaya ya lanƙwashe ko ya tsage. Wani dattijo da ya ce ya taɓa aikin mota ya ba da shawarar a cire termosta, wato ƴar ƙofar da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafi sannan ta sake shi zuwa lagireto, a jefar, wai don ƙasashen sanyi aka yi ta. Wani kuma ya ce idan yoyo ne a fasa ƙwai a zuba. Muka saurare su duka, muka yi sallar azahar tare, muka ci gaba da jira.

Da injin ya huce muka ga abubuwa biyu da suka ɗaure mana kai. Robar ajiyar ruwa da ke gefe ta cika fal har ta yi ambaliya, ga sawun ruwa mai tsatsa a jikinta, amma da aka buɗe lagireton sai ga shi ruwa ya yi ƙasa har ana hango bakunan bututunsa. Tiyon sama kuma ya tsuke ya manne da kansa, sai da aka buɗe murfin ya ja iska ya koma daidai. Ƙanena ya ta da injin ya riƙa zuba ruwan shanmu kaɗan-kaɗan har lagireton ya cika, muka duƙa muka duba ƙarƙashin mota ba mu ga ɗigo ba, sai muka kama hanya a hankali. Muka wuce Agye da Caduwa ba tare da mun haura kilomita 60 ba, manyan motoci da bas-bas suna ta wuce mu, har muka shiga Maraɗi bayan la'asar. A cikin gari, inda kabu-kabu da adaidaita suka cika titi har mota ba ta tafiya sai da jan ciki, na zuba wa allurar ido ina jiran ta tashi, amma ko motsi ba ta yi ba, muna dai jin fanka tana kamawa tana saki.

Washegari da aka watse daga wurin suna, surukin Gwaggo ya yi mana kwatancen wani dattijon bakanike da garejinsa ke ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, ba nisa da masu sayar da kayan gyaran mota. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, mota ce ke zafi, muna so mu ji abin da gyaran zai ci." Ya ce, "Malam, ba na cinikin biri a sama. Ku zauna ku ba ni labarin tafiyar tukuna." Bai ɗauki sifana ba sai da ya gama yi wa ƙanena tambayoyi: ko zafin a gudu yake zuwa ko a tsaye, ko da safe yana zuwa ko sai rana ta yi, ko na'urar sanyi tana kunne, ko motar tana shan ruwa kafin wannan tafiyar, da wane irin ruwa ake zuba mata, da kuma ko allurar ta taɓa shiga ja. Da ya ji labarin robar da ta cika da tiyon da ya manne sai ya gyaɗa kai, amma bai yanke hukunci ba.

A ganina wannan tambayar ita ce rabin aikin, kuma ita ce abin da gareji da yawa suke tsallakewa. Daga ƙarfin da ke cikin fetur, abin da ke juya taya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, wajen kashi ɗaya yana fita ta salansa, ragowar kuma zafi ne da dole ruwa ya kwashe shi. Famfon ruwa, wanda bel ke juyawa, yana tura ruwan ta cikin hanyoyin da aka bari a jikin inji da kansa, ruwan ya ɗauki zafi ya tafi lagireto, ya bi ta siraran bututu inda iska ke sanyaya shi, sannan ya dawo. Idan mota tana gudu, iskar hanya ce ke wannan aiki, idan kuwa tana tsaye ko tana cikin cunkoso, fanka ce. Shi ya sa Baba ya ce motar da ke zafi a cikin kasuwa amma ta huce a kan kwalta, fankarta za a fara tuhuma, ko fis ɗinta, ko na'urar da ke ba ta umarnin tashi. Wadda kuwa ke lafiya a gari amma ta yi zafi a gudu da kaya, kamar tamu, lagiretonta ne ya kasa fitar da zafin da injin ke haifarwa idan an matsa masa, ko dai iska ba ta ratsa shi, ko ruwa ba ya ratsa shi. Idan kuma zafin yana zuwa ƴan mintuna bayan tashi, ko gari da sanyi, to ruwan ne ba ya zagayawa sam, sai a nemi termosta da ta maƙale a rufe, ko famfon da ya mutu, ko a tarar babu ruwan ma.

Duk da haka da abu mafi tsada ya fara, domin a cewarsa babu amfanin wanke lagireto idan juwan kulas ya ƙone, wato shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wadda ke raba wuta da ruwa da mai. Ya zaro sandar awon mai ya duba, ya buɗe murfin zuba mai ya leƙa cikinsa, man yana nan baƙi yadda ya kamata. Ya sa aka ta da injin da sanyinsa, murfin lagireto a buɗe, ya tsaya yana kallon ruwan ko zai ga kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa, sannan ya zagaya baya ya tara hannu a bakin salansa ya shinshina. Babu kumfa, babu farin hayaƙi, injin kuma bai yi rawa ba. Ya dubi ƙanena ya ce, "Direba, tsayawar da ka yi ita ta cece ka. Zo ka ga wanda bai tsaya ba."

Ya kai mu wajen wata motar haya da ke gefe, an riga an sauke kan injinta an ɗora a kan benci. Man da aka zuke daga cikinta yana cikin kwano, launinsa ya koma kamar shayi mai madara saboda ruwan da ya gauraya da shi. Ya ɗauko shimfiɗar ya nuna mana inda wuta ta cinye ta tsakanin silinda biyu, sannan ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskar kan injin ya ce in duƙa in duba, sai ga haske yana ratsowa ta tsakiya. A injuna da yawa lanƙwasar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, wannan kuwa ido ma yana ganinta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda abin ya faru: tiyo ne ya fashe wa direban a hanyar Dakoro, allura ta tashi, can kuma sai ta sauko da kanta, ya ɗauka motar ta huce ya ci gaba da tafiya. Gaskiyar ita ce ruwan ne ya ƙare ƙaf, na'urar da ke auna zafi ta rasa ruwan da za ta auna, ta riƙa ba da labarin da ba shi ne ba, har injin ya tsaya da kansa. Na tausaya wa mutumin ƙwarai, domin da wannan motar yake ciyar da gidansa, kuma yana zaune a kan benci tun safe yana jiran a faɗa masa ko kan injin zai gogu ko sai an sayi wani.

Da muka koma kan tamu, aikin ya tafi da sauri. Baba ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana matsawa yana duba bakunansu, inda yoyo kan bar farin sawu ko na tsatsa, ya sa aparanti, wato yaron da ke koyon aiki a wajensa, ya ɗaga shimfiɗar ƙafa ta gaba ko lagireton hita yana zuba a ciki, ya haska ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa, wanda ta nan ruwa ke fara ɗiga idan robar cikinsa ta gaji, ya kuma girgiza famfon ya ji babu wasa. Bel yana da ƴan tsage-tsage amma bai saki ba. Fanka ta tashi a kan lokacinta. Sai ya juya murfin lagireton ya miƙo mini. Robar bakinsa ta bushe ta tsattsage, ɗan ƙaramin faifan da ke tsakiyarsa kuma tsatsa ta liƙe shi. Ya bayyana cewa murfin ƙofa biyu gare shi: babbar tana buɗewa idan matsi ya yi yawa, ta tura rarar ruwa cikin robar ajiya, ƙaramar kuma tana buɗewa idan inji ya huce ruwa ya tsuke, domin a zuƙo ruwan nan ya dawo. A namu babbar tana sakin ruwa tun matsin bai kai ba, ƙaramar kuma ta hana shi dawowa, shi ya sa robar ta cika, lagireton ya rage, tiyon kuma ya manne.

Na yi zaton an gama, amma ya ce murfi kaɗai bai isa ya bayyana zafin gudu ba. Ya bar injin ya yi zafi, ya kashe shi, ya zare wayar fanka don kada ta tashi ta sare masa yatsu, sannan ya riƙa shafa fuskar lagireton da tafin hannu. Ya kama hannuna ya ɗora: gefe ɗaya da zafi har ba a iya jimawa, amma a tsakiya akwai wuri mai faɗi da ke ɗumi kawai. Bututun da ke wurin sun toshe, ruwa ba ya bin su.

Tunda dai za a zubar da ruwa, ya ciro termostar ma don a gwada ta. Ƴar ƙaramar aba ce da ke cika tafin hannu, an buga 82 a jikinta, wato zafin da take fara buɗewa. Aparanti ya karɓo garwashi wajen mai shayi, aka ɗora gwangwani da ruwa, aka rataya ta a ciki da waya, muka kewaye muna kallo. Tun ruwan bai tafasa ba sai ga bakinta yana buɗewa a hankali har ya buɗe sosai, da aka ciro ta ta sha iska kuma ta koma ta rufe. Ƙanena ya faɗa masa shawarar da aka ba mu a hanya, Baba ya ce rabin motocin da ke shigo masa an riga an cire musu ita, kuma ba ya jin daɗin hakan. Ni ma ina tare da shi. Termosta mai lafiya idan inji ya yi zafi a buɗe take, saboda haka ba ita ke hana sanyi ba, kuma cire ta ba ya buɗe bututun da ya toshe, sai dai ya jinkirta bayyanar cutar. A injuna da yawa ma ita ce ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba, don haka idan babu ita wani kason ruwan yakan riƙa zagaye da zafinsa. Ga kuma sanyin Disamba da Janairu, wanda duk mutumin Maraɗi ya san shi, lokacin da injin da ba shi da termosta zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, yana shan mai fiye da kima yana kuma cin jikinsa. Wadda ta lalace a canza ta, wannan shi ne gyara.

Da aka zare lagireton sai ga abin da ido ba ya gani daga waje. Tsakaninsa da faifan na'urar sanyi da ke gabansa, ƙura da ƙaiƙayi da ƙarangiya da fikafikan fara sun dunƙule sun toshe kusan rabin ƙasansa, ta yadda iskar hanya ba ta da wurin wucewa. Muka bi aparanti da shi zuwa wajen wani mai gyaran lagireto, wanda ba ya wani aiki sai wannan. Ya fara wanke bayansa da ruwa daga ciki zuwa waje, a hankali don kada siraran fikafikan alminiyam su kwanta, sannan ya zauna ya riƙa ɗaga ƴan haƙoran da suka riƙe tankin roba na sama ɗaya bayan ɗaya har tankin ya fita. Bakunan bututun suka bayyana a jere, da yawansu sun cushe da wani abu ja-ja mai gauraye da fari, mai tauri. Ya ɗauko wani siririn ƙarfe mai faɗi ya riƙa zura shi cikin kowane bututu yana turawa har ya fita ta ƙasa, yaronsa yana bin sa da ruwa, ruwan yana fita jajir kafin ya washe. Bututu biyu sun ƙi buɗuwa, ya ce a bar su, tilasta su zai huda su. Daga nan ya sa sabuwar roba, ya mayar da tankin ya danne haƙoran, ya toshe bakunan ya hura iska ya nutsa lagireton cikin rabin duro na ruwa yana neman kumfa, bai samu ba.

Na tambaye shi daga ina wannan dattin ya fito, tunda a rufe lagireton yake. Ya ce, "Daga ruwan da ake zuba masa, Alhaji." Ruwan rijiya da na famfo suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a jikin ƙarfe idan ya sha zafi, kuma ruwa zalla yana sa gangar inji tsatsa, tsatsar ta taso ta taru a bututu mafi ƙunci. Ƙwai da garin barkono da ake zubawa don tsayar da yoyo su ma nan suke ƙarewa. Mutane da yawa suna ɗaukar ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan a matsayin maganin daskarewar ƙanƙara, abin da bai shafe mu ba, alhali babban amfaninsa a ƙasarmu shi ne sinadarin hana tsatsa da ke cikinsa. Idan an haɗa shi rabi da rabi da ruwa yana kuma ɗaga matakin tafasa zuwa wajen digiri 107 tun kafin a sa matsin murfi. Akwai wanda aka riga aka haɗa, akwai kuma mai kauri da ake sirkawa da tataccen ruwa marar gishiri, kuma ba a zuba mai kaurin shi kaɗai, domin ruwa ya fi shi ɗaukar zafi. Hujjar masu cewa yana da tsada ina jin ta, musamman ga motar da ke yoyo kullum, amma wannan dalili ne na gyara yoyon.

Maraɗi gari ne na kasuwanci da ke kusa da iyaka, tafiyar ƙasa da kilomita 50 ce zuwa Ɗan Isa, kayan mota kuma suna shigowa daga Katsina da Kano iri-iri, nagari da na banza a shago ɗaya. Baba ya aiki ƙanena da tsohon murfin a hannu, ya ce ya sayo mai lamba 1.1 daidai da shi, ya danna sifirin ya ji ƙarfinsa, ya kuma tabbata ƙaramin faifan yana motsi. Murfin da lambarsa ta gaza zai sa ruwa tafasa da wuri, wanda ta fi kuma zai iya fasa tsohon tanki ko tiyo. Kafin ya dawo an wanke cikin injin da ruwa har ya fita fari, an mayar da termosta da sabuwar roba, an ɗaura lagireton.

Zuba ruwan ma da tsarinsa. An ɗora gaban motar a kan tudu, aka buɗe hita, aka riƙa zubawa a hankali ana matsa tiyo, injin yana aiki murfi a buɗe, domin iskar da ta maƙale a ciki ta fita, tunda iskar da ta tsaya a kan inji tana hana ruwa taɓa ƙarfe a wurin, sai mota ta yi zafi bayan an gama gyara a rasa dalili. Ana cikin haka ruwan ya yi ƙasa a lokaci guda, alamar termosta ta buɗe, aka ƙara, aka jira fanka ta kama ta saki sannan aka rufe. Kaɗan daga koren ruwan ya zube a ƙasa, sai na ga Baba ya tsawata wa aparanti ya sa shi ya rufe wurin da yashi ya kwashe. Ruwan nan yana da zaƙi a baki amma guba ne da ke lalata ƙoda, ga jajayen awakin unguwa suna yawo a garejin, ga kuma yara masu talla suna shigowa, don haka ragowar galan ɗin ma sai da ya ɗaure bakinsa da kansa ya sa a but.

Bai yarda mu biya ba sai an gwada motar a irin yanayin da ta yi zafi. Da rana tsaka ya shiga gaba, ni na koma baya, muka fita ta Tsibiri muka ɗauki hanyar Gidan Runji, na'urar sanyi a kunne, ƙanena yana riƙe da kilomita 100. Allurar ta hau tsakiya ta zauna, ba ta ƙara ko kaɗan ba har muka juyo. Da muka dawo ya ce kada a taɓa murfin sai gobe da safe, a duba lagireton a cike yake ko a'a, a kuma duba ruwan robar ajiya yana tsakanin layukanta biyu, a yi haka kowace safiya har mako ya zagayo. Da safen muka tarar robar ta ɗan ragu, muka kira shi, ya ce ragowar iska ce ta fita ruwa ya maye gurbinta, kuma hakan na nuna sabon murfin yana zuƙowa, a cika ta zuwa layi kawai. Ya ƙara tuna mana bel ɗin nan mai tsage-tsage da tiyon ƙasa da ya ji ya yi laushi fiye da kima, wanda irinsa kan tsuke a gudu ya rage wa famfo ruwa. Gwaggo za ta zauna wajen mai jego, mu kuma muna da komawa Damagaram, saboda haka muka mayar da motar garejin da hantsi aka canza su duka biyun kafin mu kama hanya.